Lamba Shida Ba Ta Cikin Tukunya

Nilda Barraza ba mace ce mai faɗa ba, kuma abin da ya yaudari Anibal ke nan. Duk shekarun da muka yi tare a gidan wasanmu na unguwar Boedo ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai a kan dandamali. In ka ɓata mata rai sai ta dube ka ta ce, "To," ta ci gaba da abin da take yi. Ni da na san ta tun muna 'yan mata, wannan "to" ɗin ya fi zagi ba ni tsoro.

Da safe tana shagon taliya, hannu duk fulawa, tana auna wa matan unguwa abin da za su dafa. Da yamma ta wanke hannu ta taho wurinmu. Mu bakwai ne a ƙungiyar, kuma babu wanda wasan kwaikwayo yake ciyarwa. Ni Chela ɗinki nake yi, a gidan wasa kuma ni ce mai fitila. Don Fermin, dattijonmu, tasi yake ja. Shi kuwa Anibal, shugabanmu kuma marubucinmu, rufa-ido yake yi a bukukuwan yara, yana ciro ƙwai daga kunnen 'ya'yan masu kuɗi. Ba ya son a tuna masa wannan. Ya fi son a ce masa Maestro, mu kuma muna faɗa don a zauna lafiya.

Gidan wasan tsohon wurin aikin kafinta ne, kujeru arba'in da 'yan kai, babu biyu masu kama da juna, sai kyanwa guda da muka gada tare da ginin. A nan Anibal ya yi shekaru yana yaƙi da abu ɗaya: wasa mai farko da tsakiya da ƙarshe. Ya tsane shi kamar ya kashe masa uba.

"Wa ya taɓa ganin rayuwa ta zo a jere?" haka yake cewa, ƙoƙon shayinmu na mate a hannunsa ya manta bai miƙa wa na gaba ba. "Mutum yana tsakiyar dariya a aiko masa mutuwa. Amma mu sai mu jera wa mutane labari kamar kayan kanti!"

"Maestro, miƙo shayin kafin rayuwar ta wuce," in ji Don Fermin.

A shekarar da nake ba da labari ya zo mana da tsarin tukunya, kuma ko da nake jin haushinsa har gobe, ba zan ce tsarin banza ba ne. Wasan fitowa tara ne, babu ta farko babu ta ƙarshe. Kowace fitowa da lambarta a jikin matoshin kwalba. Kafin a fara, Anibal zai tsaya gaban 'yan kallo ya ɗaga matosan ɗaya bayan ɗaya, ya kira lamba, ya jefa a wata tukunyar dalma, ya rufe, ya ɗora ta a kan kujera. Sai in kashe fitilu duka. A cikin duhun zai ce, da wannan muryar tasa ta limamin coci, "Daga nan ba ni da hannu. Tukunya ce marubuciya." In na kunna sai wani ɗan kallo ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ciro ɗaya, a yi fitowar da ta fito. A mayar da matoshin, a girgiza, wani ya sake cirowa. Sau biyar ake cirowa, wasa ya tashi. Don haka fitowa ɗaya tana iya zuwa sau biyu, wata kuma ba za ta zo ba sam. Dokar guda ce, kuma kullum sai ya faɗe ta da ƙarfi: abin da tukunya ta ce, shi za a yi, ko da sama za ta faɗo.

Abin yana da daɗi. Wata rana jana'iza ta riga biki zuwa, mutane su fita suna share hawaye. Washegari biki ya riga, su fita suna dariya. Akwai waɗanda suka dawo sau uku suna rantsuwa ba wasa ɗaya suka gani ba.

Fitowar ba Anibal ne ya ƙirƙiro su daga kansa ba. Kowannenmu ya kawo wani abu daga gidansu aka gina a kai. Nilda ta kawo labarin mahaifiyarta, shi ne ya zama lamba shida.

Mahaifiyar tata, Doña Herminia, a wani ƙauye can lardin Corrientes ta tashi, inda yaren Guarani ake ji a gida. Tana ƙarama a makaranta fitsari ya matse ta, ta nemi izini da yarensu don ba ta san yadda ake faɗa da Sifaniyanci ba. Malamin ya zuba masara a ƙasa ya sa ta durƙusa a kai gaban 'yan aji, har abin da take riƙewa ya zubo. Daga ranar ta haɗiye yarenta. Ko 'ya'yanta ba ta koya wa ba, Nilda zagi kawai ta iya a ciki. Har ta tsufa in ta ga masara ta zube a ƙasa sai ta kewaye.

A lamba shida sai aka juya abin. Tsohuwa ce a kan kujera, malamin ya shigo da kwat a sama, gajeren wando na 'yan makaranta a ƙasa. Ta zuba masara, ya durƙusa. Ta riƙa tambayarsa sunan abubuwa da yarenta, ruwa, wuta, uwa, bai san ko ɗaya ba. Fitowar ba ta da ƙayyadadden tsayi, ba ta ƙarewa sai tsohuwar ta ce, "Tashi." Anibal ne da kansa ya tsara haka, kuma shi ya fizge matsayin malamin, don a ganinsa nan ne nauyin wasan yake. Da na ce a yi masarar da soso a shafa mata fenti, har tsawa ya yi min. "A nan ba ma ƙarya, Chela. Masarar gaske, gwiwar gaske."

Makonnin farko lamba shida ta fito sau da dama, kuma duk ranar da ta fito ba a maganar sauran. Sai wata jarida ta yi rubutu a kanmu. Rabin shafi a kan Nilda, da hotonta. Sunan Anibal ya fito sau ɗaya a can ƙasa, an ma yi kuskuren harafi. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya sumbaci Nilda a kumatu ya ce, "Nildita, kin fitar da mu kunya." Daga wannan makon lamba shida ba ta ƙara fitowa ba.

Lokacin ne kuma Doña Herminia ta dawo daga jinyar ƙugu, ta ce ko da rarrafe sai ta ga malamin nan a kan masara. Kowace Lahadi da la'asar take shigo motar haya tun daga can garin Lanús, da sandarta da farar rigarta ta zuwa coci, ta zauna a kujerar gaba. Anibal ne yake tarbarta a ƙofa, ya riƙe mata hannu ta haye matakala.

"Doña Herminia, yau jikina yana ba ni za ta fito."

"Haka ka ce wancan makon, ɗana."

"Tukunya ce, Doña. Ni kaina bawanta ne."

Nilda kuwa tana bayan labule, ta yi furfurar hoda, ta ɗaura kallabin uwarta na gaske, buhun masara a cinya. Daga inda nake zaune da fitilu ina hango ta. Duk sanda hannu ya shiga tukunya sai ta gyara zama. A kira wata lambar, ta koma ta jingina. A gama wasa ta wanke fuska ta raka uwarta tasha. Wannan abu ya ci min rai fiye da yadda zan iya faɗa, kuma ya yi ta maimaituwa har kaka ta wuce sanyi ya shigo.

Sau ɗaya tak ta roƙa. A taron ƙungiya ta ce jikin Mama yana ja baya, ko za a yarda Lahadi ɗaya a yi lamba shida ba tare da ƙuri'a ba, ko da bayan an tashi ne, a yi wa tsohuwar ita kaɗai. Anibal ya miƙe ya yi mana wa'azi mai tsawo. In muka yi wa tukunya ƙarya sau ɗaya mun kashe wasan. In aka yi fitowar a waje da tsarinta ta zama kukan gida, ba fasaha ba. Har idonsa ya kawo ruwa, munafuki. Aka ɗaga hannu, ni da Don Fermin muka bi Nilda, sauran suka bi shi.

"To," in ji Nilda.

Doña Herminia ta rasu a watan Yuli, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, ba ta gani ba. Anibal ya zo jana'iza da furanni mafi girma, ya yi kuka a kafaɗar kowa.

Da Nilda ta dawo aiki, muna shan mate kafin gwaji, Don Fermin ya girgiza kai ya ce, "Ni dai na ƙarar da ƙuruciyata a caca, amma ban taɓa ganin lamba mai taurin kai irin shidan nan ba. Da a gidan caca ne da tuni an kira 'yan sanda." Wasa yake yi, kowa ya yi dariya. Nilda ba ta yi ba. Na ga idonta ya sauka a kan hannun Anibal, yana juya tsabar kuɗi tsakanin yatsunsa kamar yadda ya saba, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta riga kowa zuwa da gwangwanin kifi. Ta ɗauko matoshi mai lamba shida ta jiƙa shi a man kifin, ta goge bayansa, ta mayar cikin 'yan uwansa. Aka yi wasa kamar kullum. A gaban mutane Anibal ya ɗaga shi, ya kira "Shida!", hannunsa ya shiga tukunya, kowa ya ji ƙarar faɗuwa. Bayan an tashi ya rataye kwat ɗinsa a ƙusa ya tafi wanke fuska. Sai ga kyanwar nan ta zo ta tsaya ƙarƙashin kwat ɗin tana kuka. Ta yi tsalle ta maƙale, ta cusa kai cikin aljihun dama tana lasa kamar za ta cinye yadin. Tukunyar tana nan a buɗe a ƙasa, ko kallonta ba ta yi ba.

Jinina ya tafasa. Na ɗauki almakashin ɗinkina na miƙe, ban ma san me zan yi da shi ba. Nilda ta riƙe min hannu.

"Zauna, Chela."

"In zauna? Kin ga abin da ɗan iskan nan ya yi? Tsohuwa tana hawa mota da karyayyen ƙugu, shi yana riƙe mata hannu da hagu, lambarta tana aljihunsa na dama! Wallahi yau sai na tona shi gaban kowa."

"In kin tona shi me zai faru? Zai yi kuka, ya ce ciwon gwiwa ne, a ba shi haƙuri. Mako biyu an manta." Ta ciro kyanwar daga kwat ɗin ta sauke ta a hankali. "Ba na son a manta. Mijinki har yanzu yana sha?"

"Sai abin da ya ƙaru."

"Ki tara min matosan kwalabensa."

Mijina bai taɓa yi wa wasan kwaikwayo hidima irin ta wannan watan ba.

Ta jira. Ban taɓa ganin haƙuri mai ban tsoro irin wannan ba. Kowane wasa tana yin furfurarta, ta zauna da buhunta a bayan labule, ta san sarai ba za a kira ta ba. Tana gaishe shi, tana miƙa masa mate, har ƙafar wandonsa ta kawo min in ɗinke masa. A gida kuwa ta sayo tukunya irin tamu sak, ta dauje ta a ƙasa har ta yi lanƙwasa a inda tamu take da shi. Ta sa ƙusa a wuta ta ƙona lamba a jikin matosai tara, dukkansu shida.

Ranar da take jira ta zo a ƙarshen zangon wasan. Wata Bajamushiya mai zaɓar wasanni don wani babban biki a ƙasarsu ta shigo gari, wani ya ba ta labarin tukunyarmu, ta ce za ta zo Lahadin rufewa. Tun ina saninsa Anibal ba shi da mafarkin da ya wuce a kira shi Turai. Ya sa aka share gidan sau biyu, ya yi aski, ya ranto turare. Ya tara mu ya ce yau kowa ya yi kamar ransa ne a kai.

"Ni ma haka na yi niyya, Maestro," in ji Nilda.

Gida ya cika har da na tsaye. Bajamushiyar doguwa ce mai gajeren gashi, ta zauna a layi na biyu. Anibal ya jera matosansa, ya yi rufa-idonsa a kan shida kamar kullum, ya rufe tukunya, ya ɗora a kujera. Na kashe fitilu. Yana cikin cewa ba shi da hannu, Nilda ta fito da safa a ƙafa, ta ɗauke tukunyarmu ta ajiye tata. Na ja duhun ya ɗan fi na kullum tsawo, shi kuwa ya ɗauka don girmama muryarsa ne, har ya ƙara wasu kalmomi.

Wani saurayi mai tabarau ne ya fara sa hannu. Ya ɗaga ya ce, "Shida."

Da ma a ce ina da hoton fuskar Anibal. Hannunsa ya tafi aljihun dama da kansa, ya taɓa, ya ji abin yana nan. Ya karɓi matoshin ya juya shi, ya sake juyawa. Ba shi da bakin cewa ba zai yiwu ba, don sai ya faɗi dalili. Ya yi murmushin dole, ya tuɓe dogon wandonsa a gefen dandamali kamar yadda tsarin ya ce, gajeren yana ciki.

Nilda ta fito da kujerarta. Ta kwance buhu ta zuba, sai na ga ba masarar da muka saba ba ce, mai faɗin ƙwaya. Ta gugguru ce, ƙanana masu tsini, masu tauri kamar tsakuwa. Ya durƙusa, na ji ya ja numfashi ta haƙora. Ta yi fitowar yadda aka gwada ta, ba ƙari ba ragi, kuma ta yi kyau har na manta da kaina. Ta ce tashi, ya tashi, aka tafa.

Aka mayar da matoshi, aka girgiza. Wata mata ta ciro. Shida.

Mutane suka yi 'yar dariya. Anibal ya waigo ya dube ni, ni kuwa na duƙufa a kan maɓallan fitila kamar yau na fara ganinsu. Wannan karon Nilda ba ta yi sauri ba. Tsakanin tambaya da tambaya sai ta gyara kallabi, ta kalli rufi, ta jira amsar da ta san ba ta zuwa. A karo na uku, da aka sake kiran shida, gidan ya kaure da ihu, wani daga baya ya ce, "Abin da tukunya ta ce, Maestro!" Bakinsa ne ya dawo masa. Nilda ta fito da lemo, ta zauna tana ɓare shi a tsanake, tana ci ɓari-ɓari, tana tofar da 'ya'yan a tafin hannu. Sai da ta cinye ta yi tambayar farko. Dariya ta mutu. Gumi yana ɗiga daga haɓar Anibal.

Kafin na huɗu ya ɗauki tukunyar da kansa, ina ganin so yake ya leƙa ciki. Sai Bajamushiyar ta ɗaga hannu ta ce da gurguwar Sifaniyancinta ko za a ba ta dama ta ciro. Ya zai yi? Ya kai mata yana ɗingishi, ƙwayoyin masara a manne a gwiwoyinsa. Ta ciro, ta duba, ta dafe ƙirji. A wannan karon Nilda ba ta ce uffan ba. Zama kawai ta yi tana kallonsa, shi yana kallon ƙasa, mutum sama da hamsin a ɗaki amma kana jin motocin titi. Na ga jini ya fara ɓata masarar. Ban ji tausayinsa ba, ko kaɗan, kuma har yau ban ji ba.

A na biyar ta yi tambayoyinta, ruwa, wuta, uwa, amma maimakon ta jira shi sai ta ba da amsar da kanta, da yaren Guarani. Ashe a makonnin ƙarshe a gadon asibiti tsohuwar ta buɗe baki ta koya mata. Ban taɓa jin kalmomin ba, babu kuma wanda ya fahimta a ɗakin, amma na ga mutane suna share ido. Sannan ta sunkuyo ta yi wata tambaya da ba ta cikin wasan.

"Malam, me ke cikin aljihunka?"

Ya kau da kai gefe.

"Na dama nake nufi."

Ya dafe aljihun da hannu.

"Bar shi," ta ce. "Na sani." Ta jingina, ta bar shi a nan har sai da na ɗauka ta manta kalmar. Da ta faɗe ta, kasa tashi ya yi, sai da Don Fermin ya fito ya ɗago shi. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi suna buga ƙafa, abin da bai taɓa faruwa a gidan nan ba.

A ɗakin canza kaya ya zube a kujera yana ciro masara daga namansa, yana ihu ƙasa-ƙasa don kada a ji a waje. "An yi maguɗi! Wani ya taɓa tukunyata! Ba yadda za a yi shida ta fito, ba yadda za a yi!"

Nilda tana goge hodar kanta a madubi, ba ta ko waiwayo ba. "Ta yaya ka sani, Maestro?"

Don Fermin ya dube shi, ya dubi kwat ɗin, ya zo ya zura hannu a aljihun ya ciro matoshin ya ajiye a kan tebur. Dattijon da bai taɓa zagin kowa ba ya ce, "Na kai tsohuwar nan gida a tasina sau biyu tana haƙurƙurtar da ni, wai mako mai zuwa. Allah ya isa tsakaninmu da kai."

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Bajamushiyar ce, idonta ja. Ta ce ta yi yawon duniya tana kallon wasanni, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Fitowa ɗaya sau biyar, kowane karo wani abu daban. Tana son wasan a bikinsu, haka yadda yake, a ma bar sauran takwas ɗin. Sharaɗinta ɗaya, matar nan ce za ta yi. Kun san me Anibal ya yi? Da gajeren wandonsa da jini a ƙwauri, ya gyara murya ya ce ai ya daɗe yana nazari a kan maimaici, tukunyar mataki ce kawai zuwa nan. Kunya dai ba ta taɓa sanin gidansu ba.

Bayan ta fita ya juyo da hannu a buɗe, fuskarsa kamar an yi masa bushara da aljanna. "Nildita! Kin ji? Turai! Abin da ya wuce ya wuce, na ci hukuncina, kowa ya gani. Ni da ke za mu..."

Nilda ta ninke kallabin uwarta ta sa a jaka. "A sauka lafiya," ta ce. "Ni ba ni zuwa."

Na ɗauka ja masa rai take yi. Shi ma haka ya ɗauka. Ya aika mata furanni, ta ba maƙwabciya. Ya turo mutane, ta ba su mate suka tafi. Ya ce za a sa sunanta sama da nasa, ta ce sunanta yana nan lafiya inda yake. A ƙarshe ya zo shagon taliya da kansa, da sanda, ya tsaya cikin matan unguwa. Ta sallami kowa, har waɗanda suka zo bayansa, sannan ta dube shi ta kan ma'auni.

"Me za a ba ka?"

"Nilda, don Allah. Shekara talatin nake jiran wannan. Me kike so in yi? In durƙusa a nan? Zan durƙusa."

"Kar ka ɓata min daɓe, yanzu na goge."

"Ke ma fa damarki ce! Ke aka ce ana so, ba ni ba. Dandamalin duniya, mutum dubu a zaune!"

"Mutum ɗaya na so ta gani," ta ce. "Ta zo, ta zauna, ta jira. In ba taliya za ka saya ba, matsa, akwai mutane."

Ya gwada da wata 'yar wasan, ya ɗauka a faifai ya aika. Bajamushiyar ta amsa da godiya mai sanyi, daga nan ba a sake jin ta ba. Ƙungiyar ba ta kai wata shekarar ba, don babu wanda ya yarda ya sake tsayawa a dandamali ɗaya da shi. Yanzu gidan wasan ya zama wurin gyaran babura. Anibal yana nan yana ciro ƙwai daga kunnen yara, kuma in ya samu mai saurare a gidan shayi sai ya ba da labarin yadda saura ƙiris ya je Turai.

Nilda ba ta sake hawa dandamali ba, nasa ko na wani. An neme ta, har daga talabijin, ta ƙi. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don ni na san abin da aka rasa, na haska ta da hannuna. Bara, muna zaune a bayan shagon bayan an rufe don hutun rana, gashinta ya yi furfurar da ba ta hoda ba, na kasa haƙuri na tambaye ta.

"Ke Nilda, tsakani da Allah, ba kya kewar wasa?"

Ta zuƙe maten har ya yi ƙara, ta ƙara ruwan zafi ta miƙo min.

"Kullum," ta ce. "Ba ranar da nake tashi ban ji kamar an cire min wani abu a ƙirji ba."

"To don me? Da kin je ke kaɗai ma, da wata ƙungiyar..."

"Da na sake hawa ko'ina, zai ce a ransa na warke, shi ke nan ya huta." Ta kakkaɓe fulawa daga cinyarta ta miƙe don buɗe shago. "Duk ranar da ya wuce ta nan ya hango ni a bayan ma'auni, ya san abin da ya yi. Shi ya sa na roƙi mai shagon ya mayar da teburina bakin taga."